Wasan Kwaikwayo na Ƙananan Yara da Ranar Iyali a Makarantar Share Fage

Mene ne wasan kwaikwayo na yara?

Wasan kwaikwayo na yara shi ne wasan da yaro yake ɗaukar wani abu a matsayin wani abu dabam, ko ya ɗauki kansa a matsayin wani mutum. Yaro ya hau kara ya ce dokinsa ne. Yarinya ta goya ƴar tsana ta ce jaririyarta ce, ta jera gwangwanaye ta tuƙa tuwon ƙasa. Yara uku su zauna a gindin bishiya, ɗaya mai tebur, biyu masu saye. Babu wanda ya rubuta musu abin da za su faɗa, ba su kuma jiran ƴan kallo. Wannan shi ne bambancinsa da wasan kwaikwayo na manya da ake ji a rediyo.

Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan wasa ɓata lokaci. Wasu kan ce sun kai yaro makaranta domin karatu, don haka idan suka tarar da shi yana wasa sai su ga malama ba ta yin aikinta. Wannan fahimta tana da illa. Tana sa a tilasta wa ɗan shekara 4 zama wuri ɗaya yana haddar abin da bai gane ba, har ya ƙi makaranta tun bai shiga ajin farko ba. Hausawa sun ce wasa farin girki. A cikin wasan kwaikwayo ne yaro yake fara koyon abubuwan da karatu da lissafi za su zauna a kansu.

Gadon da Damagaram take da shi

Wannan wasa ba baƙon abu ba ne da aka kawo daga waje. Zinder gari ne na sarauta da fatauci da sana'a. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Yaron da ya tashi a Birni ko Zango ko Sabon Gari yana ganin hawan salla, da dogarai, da masu algaita, da dukawa, da maƙera, da hada-hadar kasuwar Dole. Abin da ya gani shi yake mayarwa wasa.

Akwai wasanni uku na gargajiya da ya kamata a ambata.

Na farko shi ne wasan kara, wanda aka san ƙasar Damagaram da shi. Samari da ƴan mata suna kwaikwayon shugabanni da manyan ma'aikata, suna yin shigarsu da tafiyarsu da maganarsu, suna kuma ƙera kayan aikinsu da kara. Inoussa Ousseini, ɗan Zinder mai shirya fim, ya ɗauki fim a kan wannan wasa a 1980. Wasan kara yana nuna cewa al'umma ta daɗe da sanin cewa wanda ya kwaikwayi aiki yana fahimtar yadda aikin yake.

Na biyu shi ne tashe, wanda yara suke farawa idan azumi ya kwana 10. Yaro kan liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama mai magani, ƴan mata kuma su kwaikwayi zaman miji da mata. Suna shiga gida gida, ana ba su hatsi ko kuɗi.

Na uku shi ne wasan ƴar tsana. Ƴan mata suna yi mata kitso da tufafi, su yi mata suna, har su yi mata biki da jere. A cikin wannan wasa suna bin tsarin al'ada mataki mataki, kamar yadda suka ga iyayensu mata suna yi.

Addini ma bai hana yara wasa ba. Ya zo a cikin ingantattun hadisai cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wasan ƴar tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa hana su ba.

Yadda wasan yake girma tare da yaro

Kowane yaro da irin saurinsa, amma mafi yawa suna bin waɗannan matakai:

- Wajen wata 18: yaro yana ɗaukar ƙoƙon da babu komai a ciki ya yi kamar yana sha, ko ya kwanta ya yi barcin ƙarya yana dariya.
- Shekara 2 zuwa 3: yana ba ƴar tsana abinci, yana kara takalmi a kunne ya ce waya ce. Yakan yi wasansa shi kaɗai ko a gefen wasu.
- Shekara 3 zuwa 4: yana shiga wasa da sauran yara, ana raba matsayi: wannan uwa, wannan malam, wannan direba.
- Shekara 4 zuwa 6: wasan yana tsawo, yana da labari da ƙa'idoji. Yara suna shirya shi tun kafin su fara, wani lokaci su ci gaba da shi washegari.

Idan yaro ya kai shekara 2 ba ya kwaikwayon kowa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ya kamata a kai shi ga ma'aikacin lafiya a duba jinsa da girmansa.

Abin da yaro yake koyo

Tushen karatu. Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya san ranar da ya fara gane cewa zanen da ke kan allo yana wakiltar sauti. Harafin "b" ba sauti ba ne, alama ce da aka yarda ta tsaya a madadin sauti. Lambar 5 ba awaki biyar ba ce, alama ce ta yawansu. Yaron da ya hau kara ya ce doki ne ya riga ya kama wannan hanya, domin ya yarda abu ɗaya ya tsaya a madadin wani. Lev Vygotsky, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, ya yi bayanin haka a wata lacca da ya gabatar a 1933, kuma misalin da ya kawo shi ne sandar da yaro yake mayarwa doki.

Harshe. Mai wasan kasuwa dole ya yi sallama, ya tambayi farashi, ya taya, a yi masa albarka, ya ƙara. Mai wasan likita dole ya tambayi inda ke ciwo. Ta haka yaro yake amfani da kalmomin da ba ya bukata a hirarsa ta kullum, yana kuma jera magana: da farko, sa'an nan, daga ƙarshe. Wanda ya iya jera labari da baki zai fi saurin fahimtar labarin da aka rubuta.

Lissafi. Raba tuwon ƙasa ga baƙi huɗu, da ƙirga tsakuwa a matsayin kuɗi, da ware manyan gwangwanaye daga ƙanana, duk lissafi ne.

Haƙuri da bin ƙa'ida. Yaron da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, idan aka naɗa shi dogari a wasa sai ya tsaya ƙyam a ƙofar fada, domin matsayinsa ya bukaci haka. Yana koyon jiran layi, da sauraren wani, da sasantawa idan biyu suna son zama sarki. Waɗannan halaye su malamin ajin farko ya fi bukata.

Rage tsoro. Yaron da aka yi wa allurar rigakafi yakan dawo gida ya yi wa ƴar tsana allura, ya lallashe ta. Ta wannan hanya yake fitar da abin da ke ransa. Uwa mai lura tana iya gane damuwar ɗanta daga abin da yake maimaitawa a wasa.

Abin da bincike ya nuna

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, an fara wani bincike da yara 129 masu wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. An raba su rukuni rukuni. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya tana ziyartar gidansu awa ɗaya kowane mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake neman waɗannan yara. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100.

Darasin da ke ciki shi ne wasa ya fi amfani idan babba yana kusa, yana magana da yaro, yana amsa masa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana a cikin matakan jinyar yara masu tamowa mai tsanani. Abinci yana gina jiki, wasa da hira suna tayar da hankali da basira, kuma yaro yana bukatar duka biyun.

Wasa haƙƙi ne kuma. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin hutu da wasa. A 2024 Majalisar ta ware ranar 11 ga Yuni ta zama Ranar Wasa ta Duniya.

Makarantar share fage a Nijar

Wani malami Bajamushe, Friedrich Fröbel, shi ya sa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara a 1840, domin a ganinsa yaro kamar shuka yake, yana bukatar kulawa da fili. Wannan suna ne aka fassara zuwa Faransanci, shi ake amfani da shi a Nijar. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa mai lamba 98-12, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta sanya karatun share fage na yara masu shekara 3 zuwa 5 a cikin ilimin tushe. Akwai na gwamnati, da masu zaman kansu, da waɗanda jama'ar gari suke kafawa da kansu. Duk da haka mafi yawan yaran ƙasar, musamman na karkara, suna shiga ajin farko na firamare, wato CI, ba tare da sun bi ta share fage ba. Wannan ya sa aikin gida ya zama babba.

Aji mai kyau na share fage yana da kusurwoyin wasa: kusurwar gida, da ta kasuwa, da ta gidan likita. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba. Tabarma, da faifai, da ƙoƙo, da ludayi, da tsofaffin ƙyallaye, da kwali sun isa. Ya kamata a bar yara su yi wasa da harshen da suke ji a gida, ko Hausa, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Buzanci, ko Tubanci. Zinder tana da tarihi a wannan fanni, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973.

Ranar iyali

Ranar iyali rana ce da makaranta take gayyatar iyaye da kakanni da yayye su zo su yi wasa tare da yara a kan jigo ɗaya da aka zaɓa. Ta bambanta da bikin ƙarshen shekara, inda iyaye suke zama a kujera suna kallo. A ranar iyali kowa yana da abin yi.

Amfaninta uku ne. Iyaye suna ganin da idonsu abin da yaro yake koyo ta wasa. Malama tana sanin gidan da kowane yaro ya fito. Yaro kuma yana ganin cewa sana'ar ubansa da tatsuniyar kakarsa suna da daraja a makaranta. Uwar da ba ta yi boko ba takan ji nauyin shiga makaranta, amma idan aka ce ta zo ta nuna yadda ake saƙar faifai, ita ce malama a ranar.

Ga wasu jigogi da suka dace da yankin:

- Ranar sana'a: baduku ya zo da fata, maginiyar tukwane ta zo da yumɓu kamar yadda ake yi a Mirya, tela ya zo da ƙyallaye. Su nuna aikin a taƙaice, sa'an nan yara su kwaikwaya.
- Ranar hawan dokin kara: iyaye maza su taya yara yi wa kara linzami da ado, a naɗa sarki da dogarai, a yi jerin gwano a filin makaranta.
- Ranar tatsuniya: kakanni su ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, yara su raba matsayi su nuna shi. Ranar 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, ta dace da wannan.
- Ranar lafiya: yara su zama likita da ungozoma, su auna ƴar tsana, su kwantar da ita a gidan sauro, su wanke hannu da sabulu.
- Ranar kaka: bayan girbi, lokacin da kara ya wadata, a ƙera mota da rumbu da gado da sillen kara.

Misali: yadda ake shirya ranar kasuwa

1. Mako 2 kafin ranar, malama ta zauna da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, da ƙungiyar iyaye mata, a tsayar da rana. A kauce wa ranar kasuwar gari, kamar Alhamis a Zinder, da lokacin sallar Juma'a.
2. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi: kwali, marfin kwalba, ganye, tsakuwa, yumɓu. Yara su mulmula yumɓu ya zama tumatir da albasa.
3. Iyayen da suke ajin yaƙi da jahilci su rubuta sunan kowace rumfa da manyan baƙaƙe: HATSI, GISHIRI, GORO. Wannan bita ce gare su, kuma yaro yana ganin uwarsa tana rubutu.
4. A yi kuɗi da marfin kwalba. Ƙanana su sayi abu ɗaya da marfi ɗaya. Masu shekara 5 a sa musu farashi daga 1 zuwa 5.
5. A fara da safe kafin rana ta yi zafi, kada a wuce awa 2. A tanadi inuwa da ruwan sha mai tsabta.
6. Yara su ne masu sayarwa, iyaye masu saye. Babba ya yi ciniki da gaske: ya gaisa, ya tambaya, ya taya, ya ƙirga kuɗi a fili.
7. A ƙarshe a zauna a tabarma, kowane yaro ya faɗi abin da ya sayar. A bar kayan a kusurwar aji domin wasan ya ci gaba.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada ranar ta zama nauyi. Da zarar an sa anko ko kuɗin shiga, ƴaƴan marasa hali za su zauna a gida, alhali su suka fi bukatarta. Kada kuma ta zama gasa da kyauta ga wanda ya fi ado.

Yaron da iyayensa ba su sami zuwa ba, ko maraya, a haɗa shi da kaka ko maƙwabciya tun kafin ranar, domin kada ya tsaya shi kaɗai.

Kada babba ya ƙwace wasan. Idan yaro ya ce ganye kifi ne, to kifi ne. Aikin babba shi ne ya tambaya ya saurara, ba ya gyara kowace magana ba.

A ba ƴan mata damar zama likita da malama da mai shago, a bar maza su yi girki su goya ƴar tsana. Yaro mai nakasa a ba shi matsayi na gaske a cikin wasan. Kada a yarda da wasan da yake yi wa makaho ko gurgu ko wata ƙabila dariya.

A kula da haɗari. Ƙananan duwatsun ado, da kuɗin ƙarfe, da ƙananan batura suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Gwangwani mai kaifi a daddake bakinsa. Kada a taɓa ba yara mazubin maganin ƙwari ko na fetur, ko da an wanke shi. A nisanta su daga wuta, da leda, da bakin rijiya ko tafki.

Abin da za a yi a gida

Gidan da babu makarantar share fage kusa da shi yana iya yin mafi yawan wannan aiki. A ware wa yaro kwali ɗaya na kayan wasa. A ba shi lokaci kowace rana, kada aike da talla da reno su cinye yinin yarinya gaba ɗaya. Idan ta kawo tuwon ƙasa, a karɓa, a yi kamar ana ci, a tambaye ta miyar me ta yi, da me da me ta sa, su wa za ta ba. Minti 10 na irin wannan hira yana da yawa a wurin yaro, kuma uba ma yana iya yi idan ya dawo da yamma.

A rage miƙa wa yaro wayar salula domin ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a rana. Waya ba ta amsa tambayar yaro, ba ta kuma yin ciniki da shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun da ke gaban shiga CI ba su dawowa, kuma abin da suke bukata yana nan a kowane gida: kara, da yumɓu, da tsumma, da babban da zai durƙusa ya saurara.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

- Waɗanne wasanni kuka yi kuna yara da ba ku ganin ƴaƴanku suna yi yanzu? Me ya kawo haka?
- Nawa ne lokacin da yarinya mai shekara 5 take samu na wasa a gidanku, idan aka kwatanta da namiji?
- Wace sana'a ko tatsuniya kowane ɗayanku zai iya kawowa ranar iyali?
- Wa za ku tuntuɓa a garinku domin a tsayar da rana ta farko?